Taifot Sau Huɗu a Shekara Ɗaya

A cikin shekara guda sau huɗu aka yi wa ɗan ƙanwata maganin taifot. Yaro ne ɗan shekara goma sha shida, suna zaune a Tudun Jukun. Duk sa'ad da zazzaɓi ya taso masa sai a kai shi wani ƙaramin asibitin kuɗi, a ɗebi jini, kafin uwar ta gama gaisawa da mutanen da ke kan benci takarda ta fito: maleriya da taifot. A rubuta allura ta kwana biyar, a haɗa da ƙwayoyin sifuro, wani maganin kashe bakteriya, na kwana goma. Ya ji dama-dama na mako biyu ko uku, jiki ya sake rikicewa, a sake komawa. A karo na huɗu ne ta kira ni bayan sallar isha'i, ta ce, "Yaya, yaron nan fa ƙarewa yake yi, wando ma ba ya zama a ƙugunsa." Na ce yana tari? Ta ce tun bara yake ɗan tari, sun ɗauka sanyin fanka ne. Na ce gumin dare fa? Ta ce kullum sai ta shanya zanin gadonsa. Washegari muka kai kakinsa aka saka a na'urar gwajin kaki da ake kira GeneXpert, kafin la'asar sakamako ya fito. Tarin fuka ne.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne sifuron nan. Yana taɓa ƙwayar tarin fuka, ya kwantar da ita na ɗan lokaci ba tare da ya gama da ita ba. Shi ya sa yaron ke samun sauƙi duk bayan magani, iyaye su ce alhamdulillahi taifot ya tafi. Maganin da ake ba shi bisa kuskure shi ne ya riƙa lulluɓe cutar, yana kuma koya wa ƙwayar jure dangin magungunan da ake tanada don masu tarin da ya ƙi jin magani. Duk wannan fa a Zariya, garin da ke da cibiyar ƙasa ta horar da ma'aikata kan tarin fuka da kuturta a Saye, ga asibitin koyarwa a Shika, ga Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962. Gwajin kaki kyauta ne, maganin ma kyauta. Abin da yaron ya rasa tsawon shekara shi ne mutum guda da zai tsaya ya ce wannan takardar ba ta yi daidai da wannan jikin ba.

Ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne, na haura shekara ashirin ina sunkuye a kan madubin likita. Duk taron da aka yi kan lafiya za ka ji kukan iri ɗaya: babu na'urori, babu wuta, babu kuɗi. Gaskiya ne, babu. Amma ni na ga na'urar miliyoyin naira a lulluɓe da leda ta shekara uku don ba wanda ya iya aiki da ita, na kuma ga dattijo da madubi guda da kwalaben rini huɗu yana ceton rai. Ra'ayina shi ne, abin da muka fi ƙaranci a kansa mutum ne: wanda bayan digirinsa na farko ya zauna shekaru ana koya masa gane cututtukan bakteriya da hannunsa da idonsa, har ya kai matsayin da zai bar ɗakin gwaji ya taka zuwa gadon majinyaci ya ce a dakatar da wannan allura, a koma waccan. Karatun gaba da digiri da muke yi yanzu a wannan fanni yana fitar da masu takardu da yawa, amma irin wannan mutum kaɗan yake fitarwa.

Wanda ke ganin ba za a iya a nan ba, ya waiwayi tarihin garin. A 1970 wani likita ɗan Ingila, Brian Greenwood, ya zo Zariya ya yi shekara goma yana aiki a asibitin jami'a, lokacin yana Tudun Wada, ba a koma Shika ba. Shi da abokan aikinsa, Turawa da matasan likitoci 'yan ƙasa, suka duƙufa kan sanƙarau. A 1971 suka wallafa hanyar gano ƙwayar sanƙarau a ruwan baya, wato ruwan da ake zuƙowa daga ƙashin baya, cikin ƙanƙanin lokaci ba sai an jira ta tsiro a ɗakin gwaji ba. Suka bi annobar da ta afka wa Zariya a 1977 daki-daki, suka rubuta yadda cutar ke tashi da tsananin rani ta kwanta da saukar ruwa. A ƙarshen shekarun 1970 a nan aka gwada yi wa mai sanƙarau allura guda ɗaya ta kuloramfenikol mai haɗe da mai, maimakon a yi ta tsira masa allura dare da rana. Wannan allura ta zama abin dogaro wajen annobar sanƙarau a ƙasashen Sahel na shekaru masu yawa kafin seftiriyazon ya karɓe ta. Greenwood ya wuce Gambiya a 1980 ya zama ɗaya daga cikin manyan masana cututtukan Afirka. Ba su da kwamfuta, ba su da na'urar binciken ƙwayoyin gado. Abin da suke da shi, mai duba majinyaci da mai duba farantin gwaji suna magana da juna kowace safiya, tambayar binciken kuma daga gadon asibiti take fitowa.

Bari in ɗan faɗi yadda aikin yake, don mutane da yawa sun ɗauka gwaji wata na'ura ce da ake zuba wa jini ta tofo amsa. Idan ana zargin bakteriya ta shiga jinin mutum, sai a ɗebi jinin kafin a fara ba shi magani, a zuba a kwalba mai ruwan abinci, a ajiye a akwatin ɗumi irin na ƙyanƙyasar ƙwai, zafinsa daidai da na jikin ɗan Adam. Mu a wurin aiki kalca muke cewa, amma shuka ce sosai da sosai. In wani abu ya tsiro, sai a shafa shi a faranti mai daskararren abinci, kamar kokon da ya kwana. Washegari ka buɗe ka ga ɗigo-ɗigo. Daga nan idon mai aiki ne: launinsu, girmansu, warinsu, yadda suka cinye jinin da ke kewaye da su. A yi musu rinin da wani ɗan ƙasar Denmak mai suna Gram ya ƙirƙiro a 1884, wanda ba ya cin minti goma sha biyar, su rabu gida biyu, masu shuɗi da masu ja. Sannan a jera ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna daban-daban a kan wani farantin, a kwana, a ɗauko rula a auna faɗin filin da kowane magani ya share. Kwana biyu zuwa biyar ke nan kafin a ce ga sunan ƙwayar, ga maganin da take ji.

A kowane mataki akwai ramin da wanda ba a horar ba zai faɗa. In ba a goge fata da kyau ba kafin a soka allura, ƙwayar da ke zaune lafiya a kan fatar kowa ita za ta tsiro, a rubuta wa mutum cutar da ba shi da ita. In ruwan bayan mai sanƙarau ya daɗe a kan tebur, ko wani mai son gyara ya saka shi a firij, ƙwayar ta mutu, a rubuta ba a ga komai ba. Farantin jini da jinin tunkiya ya kamata a haɗa shi, amma ɗakunan gwaji da yawa da ragowar jinin mutane wanda ya wuce lokacinsa suke yi, alhali jinin mutum na iya zuwa da garkuwa ko ragowar magani da za su hana ƙwayar tsirowa. A ƙasar da kowane gida ke da tunkiya ɗaure a bayan ɗaki! Tumaki biyar masu lafiya da likitan dabbobi guda sun ishi asibiti babba. Ba tumakin aka rasa ba, wanda zai tsaya kai da fata ya ce haka za a yi aka rasa.

Shi kuwa gwajin taifot ɗin da ake yi cikin minti goma, Widal sunansa, wani likitan Faransa ne ya fito da shi a 1896. Ba ƙwayar yake nema ba, alamar da jiki ya bari ce ta cewa ya taɓa gamuwa da ita ko da 'yan'uwanta. Wanda ya tashi yana shan ruwan rijiya da na 'yan garuwa, da wuya a rasa wannan alama a jininsa ko da lafiyarsa ƙalau. Maleriya ma kan sa ta tashi. In za a yi shi bisa ƙa'ida sai an ɗebi jini sau biyu, tsakaninsu kwana goma zuwa mako biyu, a ga ko alamar ta ninka sau huɗu. Wa ke yin haka? Taifot na gaskiya yana nan, yana huda hanjin yara, likitocin tiyata sun san shi sarai. Amma an mayar da sunansa bargon da ake rufa wa kowane zazzaɓi, tarin fuka da ciwon fitsari da ƙurjin ciki duk suna kwance a ƙarƙashinsa. Haka ma istaf, wata bakteriya da ke yawan zama a fatar mutum. Mata nawa ne a garin nan aka miƙa wa takarda an ce suna da istaf ko sanyi, suka yi shekaru suna shan kafso da jiƙe-jiƙe, har aure ya yi tsami, a kan ƙwayar da wataƙila daga fata aka kwaso ta? Har masu tallar magani da lasifika a bakin tasha sun haddace sunan.

Wannan ba matsalar Zariya kaɗai ba ce. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Tarayyar Afirka ta fitar da sakamakonsa a 2022 ya duba ƙasashe 14, har da Najeriya, ya tarar cikin ɗakunan gwaji kusan 50,000 kashi 1.3 cikin ɗari ne kawai ke shuka bakteriya. A shekarar ce kuma mujallar Lancet ta wallafa ƙiyasin cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a Afirka ta Yamma ce a kan gaba. Dangantakar a fili take. Inda ba a gwaji, lalube ake yi a duhu. Likita ya rubuta seftiriyazon ga duk wanda aka kwantar, mai kemis ya ƙirga wa mutum kafso huɗu na ja da yalo gwargwadon kuɗin hannunsa, mai kaji ya zuba tetarasaikilin a ruwan shansu tun suna 'yan tsaki. Ƙwayoyin da suka tsira su hayayyafa. Tun a 1945 Fleming, wanda ya gano fenisilin, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai ƙima ba zai koya wa ƙwayoyin jurewa. Yau a ɗakin jarirai ake ganin abin: jinjiri ɗan kwana uku da bakteriyar Kilebsiyela a jini, ka auna magani shida ba ko ɗaya da ya share fili.

To yaya muke horar da waɗanda za su tari wannan? Hanya biyu ce. Ta farko ta likitoci masu neman ƙwarewa ce, waɗanda ke aiki a asibitin koyarwa tsawon shekaru suna rubuta jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Ijanikin a Legas, wadda aka kafa a 1979, ko takwararta ta Afirka ta Yamma. Horo ne mai tsauri, kuma waɗanda suka fito ta nan na ga ƙwazonsu. Matsalar ita ce 'yan kaɗan ne ke zaɓar fannin ƙananan halittu. Matashin likita ya duba ya ga abokinsa da ya shiga tiyata ko ɓangaren mata zai buɗe asibitinsa ya yi gida a GRA, shi kuwa masanin bakteriya ba mai zuwa ofishinsa da goron godiya, don majinyacin da ya ceta bai ma san da shi ba. Ban ga laifinsu ba.

Hanya ta biyu ita ce digiri na biyu da na uku a jami'a, inda masana kimiyyar gwaji da masu digirin nazarin ƙananan halittu da masu harhaɗa magunguna ke tururuwa. A nan ne maganata ta fi yawa, don ɗalibai daga makarantu daban-daban, na kusa da na maƙwabtan jihohi, suna zuwa wurina neman ƙwayoyin da za su yi bincike da su. Cikin goma, zan iya rantsuwa fiye da rabi take ɗaya suke kawowa: tasirin ruwan ganyen kaza a kan bakteriya kaza. Yau darbejiya, gobe zogale, jibi bagaruwa, gata sabara. A daka ganye, a jiƙa a sinadari, a ɗiga a faranti, a auna, a rubuta cewa lalle yana da tasiri, ana ba da shawarar a ƙara bincike. A ɗaure kundi da baƙin bango, a ajiye a kanta, ƙura ta hau. Ba raina itatuwanmu nake yi ba, magunguna da yawa daga tsiro da ƙasa aka samo su. Amma ruwan omo ma in ka ɗiga a faranti zai kashe bakteriya. Tsakanin faranti da jikin mutum akwai tafiyar shekaru, kuma ba a shirya ɗaukar ko taki ɗaya bayan kundin ba. An zaɓi taken ne don shi ne mai araha, ɗalibi daga aljihunsa yake sayen komai, ba ya buƙatar izinin asibiti, kuma an san zai gama.

Na taɓa miƙa wa wani mai digiri na biyu farantin fitsarin wata tsohuwa, na ce, "Malam, me ka gani?" Ya juya shi sama da ƙasa, ya jero mini sunayen ƙwayoyin gado da ke sa bakteriya jure magani, tiryan-tiryan ba gargada. Na ce na ji, amma wannan da ke hannunka, cuta ce ko datti ne ya shiga kwalbar? Ya yi shiru. Iri uku ne suka tsiro a cakuɗe, alamar ba a ɗebi fitsarin da tsabta ba, amsar ita ce a sake ɗiba. Yaron haziƙi ne, cikin wata biyu ya fi wasu tsofaffin ma'aikata. Ba a taɓa zaunar da shi gaban faranti ɗari ba ne kawai. Ya karanta iyo a littafi, ba a kai shi bakin Galma ba.

Sai kuma abin da ba a son faɗa a bainar jama'a, rikicin likitoci da masana kimiyyar gwaji kan wa ke da ɗakin gwaji, wa zai sa hannu a takardar sakamako, wa zai zama shugaban sashe. An shekara da shekaru ana yi, an je kotu, an yi yajin aiki. Ni ɗan ɓangare ɗaya ne, kuma ina da ra'ayina kan albashi da girma. Amma a kan horo, rabuwar nan asara ce tsantsa. Likita mai neman ƙwarewa yana buƙatar hannun tsohon ma'aikacin benci, wanda ya san warin kowace ƙwaya tun kafin ya ɗaga murfi. Ɗalibin gwaji kuma yana buƙatar ya ga fuskar mai jinin, ya san cewa kwalba mai lamba kaza yarinya ce 'yar shekara huɗu da ke suma a gado na shida, ya san yau ake son amsa ba ranar Litinin ba. Idan an horar da su a ɗakuna dabam suna harare-harare, to haka za su yi aiki har su yi ritaya. Takarda ta taso daga ɗakin majinyata ba a rubuta komai a kanta ba sai suna da "zazzaɓi", sakamako ya koma bayan an sallami mutum ko an binne shi.

Abin da nake so in gani a Zariya bai fi ƙarfin abin da ke ƙasa ba. Duk mai neman digiri na biyu a fannin bakteriyar da ke kama ɗan Adam, ya yi aƙalla shekara guda cur a kan bencin asibiti na gaske, da littafin da ake sa masa hannu: kwalaben jini nawa ya shuka, ruwan baya nawa ya rina, sau nawa ya kira likita da kansa ya faɗi sakamakon gaggawa. Ya yi watanni a Saye yana duba kaki da fatar masu kuturta. Ya bi zagayen safe tare da likitoci da masu harhaɗa magunguna. A jarraba shi da faranti a hannu, ba da takarda kaɗai ba. Kundin bincikensa kuma ya amsa tambayar da wani asibiti ke buƙata. Misali mafi sauƙi: a tattara sakamakon shukar shekara guda na asibitin Gambo Sawaba ko na Wusasa, a fitar da shafi ɗaya da ke nuna waɗanne ƙwayoyi suka fi kama mutanen yankin, wane magani ke ci har yanzu, wanne ya mutu. A manna shi a bangon ɗakin likita. Wannan shafi guda ya fi kundin darbejiya hamsin amfani, kuma shekara mai zuwa wani ɗalibin ya sabunta shi.

Zariya tana da wata dama da garuruwa kaɗan ke da ita. Tsangayar likitancin dabbobi tana Samaru, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa tana Shika, kusa da asibitin koyarwa. Ƙwayoyi da yawa tsakanin mutum da dabba suke kai-komo: tarin shanu da cutar da ke sa su ɓari suna biyo ɗanyen nono, bakteriyar Salmonela tana biyo kaji. Ɗalibin da zai bi ƙwaya daga gonar kaji zuwa mahauta zuwa kwatar da ke zuba a rafin Kubanni zuwa ɗakin yara, duk cikin tafiyar acaɓa zai yi. Jami'ar kuma ta daɗe cikin shirin horar da masu bin diddigin annoba a fili, wanda aka fara a ƙasar nan a 2008. Kayan miya duk suna nan a warwatse, tukunya ɗaya ce ba a zuba su ba.

Za a ce mini, to in an horar da su ai Saudiyya da Ingila da Kanada za su kwashe. Magana ce mai nauyi. A 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate da bakinsa ya ce likitoci tsakanin 15,000 zuwa 16,000 sun bar ƙasar cikin shekara biyar, kuma masana gwaji ma suna bin sahu, biyu daga cikin waɗanda na koya wa aiki suna can. Amma amsar ba ta zama a bar horarwa ba, don wanda ba a horar ba shi ne ba ya tafiya ko'ina, yana nan yana rubuta maleriya da taifot. Na kuma lura ba albashi kaɗai ke korar mutum ba. Wanda ya ƙware ya zo aiki ya tarar babu kwalbar shuka wata uku, wuta ta ɗauke akwatin ɗumi ya huce farantan jiya sun lalace, ya faɗi sakamako ba wanda ya saurara, wannan ko an ninka masa albashi zuciyarsa ta riga ta tafi. Jihar Kaduna da maƙwabtanta za su iya ɗaukar nauyin karatun mutum biyu-biyu daga kowane babban asibiti da sharaɗin su dawo su yi shekaru, a kuma ba su hasken rana da kayan aiki su tarar. A fifita waɗanda suka riga suka kafa iyali a Giwa ko Soba ko Maƙarfi, su ne masu zama.

Za a kuma ce talaka ba zai iya biyan kuɗin shuka ba, ga jiran kwana uku. Wannan ma gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a jinkirta wa mai sanƙarau allura don jiran faranti. Ana ɗibar samfur ne a fara magani nan take, sakamako ya zo a gyara. Amma a yi lissafi da kyau. Ƙanwata ta biya kuɗin Widal sau huɗu, allura sau huɗu, ƙarin ruwa sau biyu, ta sayar da akuyarta, yaro ya rasa zangon karatu guda. Arahar ba ta yi mata araha ba. Kuma ba kowane majinyaci ne ke buƙatar shuka ba. Sanin wanda ke buƙata da wanda hutawa da ruwa sun ishe shi, wanda mura ce kawai ba ruwanta da kafso, shi ma cikin horon yake.

Annoba ce ke tona asirin wannan giɓi. Bayan sanƙarau na 1996 da ya kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, an samu rigakafin nau'in A, aka fara yin sa a Najeriya a 2011, nau'in ya kusa ɓacewa. A ƙarshen 2016 sanƙarau ya sake ɓulla a Zamfara, ya bazu, aka ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zargi, fiye da 1,100 suka rasu. Wannan karon nau'in C ne, wanda waccan rigakafin ba ta tare shi. Wuya ta sanƙare iri ɗaya, zazzaɓi iri ɗaya, ba likitan da zai bambance A da C da ido. Ɗakin gwaji ne kaɗai zai faɗa, kuma sai ya faɗa sannan a san wace rigakafi za a nemo. Mafi yawan waɗanda suka kamu ba a ɗebi ruwan bayansu ba sam. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a ƙarshen 2022 ya bazu zuwa Yobe da Katsina da sauransu, matasan ma'aikata da yawa ba su taɓa ganin farar fatar nan da ke toshe maƙogwaro ba sai a hoto, ita kuma ƙwayar tana son faranti na musamman da gwaji na biyu da zai nuna tana fitar da dafi. Ba a koyon wannan ranar da gawa ta fara fita.

Akwai abu guda da ban taɓa ji an saka a manhajar kowa ba, kuma da ni ne da iko da na saka: ɗalibi ya iya bayyana sakamako da Hausa. Ya zaunar da dattijo ya fahimtar da shi dalilin da za a ɗebi ruwan bayan jikansa, don tsoron nan na cewa ɗibar ruwan baya na gurguntar da yaro ya hana gwaji da yawa. Ya iya gaya wa uwa dalilin da ba za a ba ta kafso ba yau, ta tafi ba tare da ta ji an wulaƙanta ta ba, don in ta ji haka kemis na gaba za ta tsaya. Ya tara masu kemis na Sabon Gari da Tudun Wada ya nuna musu faranti biyu, ɗaya magani ya share fili, ɗaya ƙwayar ta hau kan maganin ta zauna daram. Na taɓa nuna wa wani mai kemis maƙwabcina irin wannan. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yallaɓai, wato amfisilin ɗin nan da nake sayarwa abinci ya zame mata?" Bai daina sayarwa ba, kada in yi ƙarya. Amma ya daina ƙirga huɗu-huɗu.

Ɗan ƙanwata ya cika wata shidansa na magani, ya yi ƙiba, ya koma makaranta. An gwada ƙannensa biyu da ke kwana ɗaki ɗaya da shi, aka tarar ƙaramin ya ɗauka, shi ma aka ɗora shi a kan magani. Takardun Widal ɗin nan huɗu suna nan a cikin wata baƙar leda, uwar ta ƙi yarwa. Makon jiya ta sake kira na, ta ce, "Yaya, matar gidan da ke kallon namu an ce taifot ne da ita, karo na uku ke nan tun bayan babbar salla." Na ce ta leƙa ta tambaye ta ko tana tari.